Yadda Ake Samun Bashin Sayen Gida Ko Da Tarihin Biyan Bashinka Ya Ɓaci

Na daɗe ina zama da mutanen da banki ya juya wa baya, muna bin takardunsu ɗaya bayan ɗaya har su karɓi makullin gida. Abin da na fi gani yana kayar da su gaggawa ce. Mutum zai san akwai tabo a tarihinsa, amma sai ya rufe ido ya cika takardar nema yana fatan ba za a gani ba. Ana kuwa gani.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mai ba da bashin gida ya fi kowa sanin haka. Idan ya buɗe fayil ɗinka, amsar tambaya uku yake nema: me ya faru, yaushe ya faru, me ka yi tun daga ranar. Duk aikin da zan bayyana a nan na shirya amsar tambayoyin nan ne kafin a yi maka su. Misalan dokoki zan ɗauko su daga Amurka da Birtaniya, inda tsarin ya fi fitowa fili, amma hanyar ɗaya ce a duk inda ake ajiye tarihin bashin mutane.

Abubuwan da za ka tanada

Rahoton bashinka daga kowane kamfanin da ke ajiye shi. A Amurka da Birtaniya manyan su uku ne: Experian, Equifax da TransUnion.

Takardun albashi na watannin baya-bayan nan. Idan sana'ar kanka kake yi, takardun haraji na shekara biyu.

Bayanin asusun banki na wata uku. Wasu masu ba da bashi kan nemi na wata shida idan tarihin ya yi rauni, don haka ka ajiye shida.

Shaidar inda kuɗin kafin alƙalami ya fito.

Katin shaida da jerin adireshin da ka zauna a shekaru ukun da suka wuce.

Duk wata takardar kotu ko ta sulhu da ta shafi tsohon bashi, da rasit na abin da ka biya.

Littafi guda da za ka rubuta kowane bashi: sunan mai binka, adadin, kuɗin ruwa, ranar biya.

Sai lokaci, wata shida zuwa shekara guda. Shi ne mutane suka fi ƙin tanada.

1. Karɓi rahotonka ka karanta shi layi-layi

Kada ka tsaya a kan makin da wata manhaja ke nuna maka a waya. Maki taƙaitawa ce kawai, rahoton shi ne labarin. A Amurka ana karɓar rahoton kamfanonin uku kyauta a AnnualCreditReport.com, a Birtaniya ma doka ta ba ka damar karɓar naka ba tare da biya ba. Duba rahotonka da kanka ba ya rage maka maki, ko sau nawa ka duba.

Ka karɓi dukkan ukun, domin ba kowane mai bin bashi ke kai rahoto ga kamfanonin uku ba. Tabon da babu shi a ɗaya yana iya kasancewa a wani. A Amurka masu ba da bashin gida galibi kan jawo maki uku su ɗauki na tsakiya. Makin FICO, wato makin bashi da aka fi amfani da shi a Amurka, yana farawa daga 300 zuwa 850, kuma ƙasa da 580 shi ake kira mai rauni.

2. Gyara abin da ba naka ba

A nan ne ake samun riba mafi sauri. Nemi asusun da ba ka buɗe ba, bashin da ka biya amma yana nan a matsayin ba a biya ba, bashi ɗaya da aka rubuta sau biyu saboda an sayar da shi ga kamfanin karɓar bashi, da jinkirin da aka ɗora maka a watan da ka biya a kan kari. Duba ranaku sosai. Ranar da aka rubuta cewa ka gaza biya ita ke ƙayyade ranar da tabon zai goge, kuma idan aka matsar da ita gaba an ƙara maka zaman jira ke nan.

Ka rubuta ƙorafi ga kamfanin rahoton da kuma wanda ya kai bayanin, ka haɗa da kwafin shaida, ka riƙe na asali. A Amurka galibi kwana 30 suke da shi su bincika, a Birtaniya kwana 28. A Birtaniya akwai ƙananan abubuwa biyu da ake mantawa: yin rajista a kundin masu zaɓe da adireshinka na yanzu, da neman a raba sunanka da na wanda kuka taɓa haɗa asusu idan yanzu babu abin da ya haɗa ku. Matuƙar sunayenku na haɗe, tabonsa na iya shafar ka.

Gargaɗi: ka fara ƙorafin tun da wuri. Asusun da ake takaddama a kansa a lokacin da ake duba neman bashinka yana iya tsayar da aikin baki ɗaya. Sannan ka guji masu cewa za su wanke maka tarihi idan ka biya su. Bayanin da yake gaskiya ba mai iya goge shi kafin lokacinsa, wanda yake kuskure kuwa kai ma kana iya gyara shi kyauta. Dokar Amurka ma ta hana irin waɗannan kamfanoni karɓar kuɗi kafin su yi aikin.

3. Auna girman tabon da shekarunsa

Ba duk tabo ke da nauyi ɗaya ba. Jinkirin biyan kuɗin waya sau ɗaya shekara uku da suka wuce kusan ba kome ba ne. Jinkirin biyan haya ko tsohon bashin gida a cikin shekarar nan babban abu ne, domin shi ne ainihin abin da mai ba da bashi ke tsoro. Sama da wannan akwai hukuncin kotu, sai karayar arziki da kotu ta tabbatar, sai ƙwace gida.

A Birtaniya gazawar biya da hukuncin kotun bashi suna zama shekara 6 a rahoto. Idan ka biya abin da kotu ta yanke gaba ɗaya cikin wata guda, ana cire shi daga kundin. A Amurka yawancin tabo shekara 7 yake yi, karayar arziki ta Babi na 7 (nau'in da kotu ke sa a sayar da kadarorin mutum a yafe masa ragowar bashi) kuma shekara 10. Amma ba sai tabon ya goge ake ba da bashi ba. Bayan an sallame ka daga karayar arziki ta Babi na 7, shirin FHA (hukumar gwamnatin Amurka da ke tsaya wa bashin gida) kan nemi ka jira shekara 2, bashin gama-gari, wato wanda gwamnati ba ta tsaya masa ba, kuma shekara 4. Bayan ƙwace gida, FHA shekara 3, gama-gari shekara 7.

Rubuta ranar kowane tabo a littafinka, ka lissafa yaushe zai cika shekara ɗaya, biyu, uku. Masu ba da bashi suna da matakai a irin waɗannan ranaku. Na sha ce wa mutum ya dakata wata huɗu kawai, domin tabonsa ya tsallake shekara biyu, kuma kuɗin ruwan da aka yanka masa bayan nan ya bambanta ƙwarai da wanda zai samu da ya yi gaggawa.

4. Gina sabon tarihi a kan tsohon

A lissafin FICO, biya a kan kari shi ke da kashi 35 cikin ɗari, yawan bashin da ke kanka kashi 30, daɗewar asusu kashi 15, sabon bashi kashi 10, ire-iren bashi kashi 10. Biyun farko su ne kusan kashi biyu cikin uku, kuma su ne a hannunka.

Sa banki ya riƙa cire mafi ƙarancin biyan kowane bashi da kansa, kwana biyu ko uku bayan shigar albashi. Daga yau kada a ƙara jinkiri ko ɗaya. Idan akwai asusun da kake baya a kansa, shi za ka fara cikewa.

Sannan ka sauke nauyin katin bashi. Idan iyakar katinka 2,000 ce kuma ana binka 1,800, ka cinye kashi 90 ke nan, kuma maki yana jin haka sosai. Sauko da shi zuwa 600, wato kashi 30, in da hali ƙasa da haka. Wannan gyaran yakan bayyana cikin wata ɗaya ko biyu. Ga wata dabara: kamfanin kati yakan kai rahoton abin da ke kanka a ranar da ya fitar da bayanin wata, don haka ka biya kafin wannan ranar.

Kurakurai uku nake yawan gani a nan. Na farko, mutum ya biya tsohon kati ya rufe shi don murna. Rufewar tana rage jimillar iyakarka, sai kason abin da ka cinye ya hau. Bar shi a buɗe, ka ajiye shi a aljihun tebur. Na biyu, cin bashin gaggawa na kafin albashi. Ko ka biya shi a kan kari, masu ba da bashin gida da dama suna kallonsa a matsayin alamar albashinka ba ya kai ka ƙarshen wata. Na uku, a ruga a biya wani ɓangare na tsohon bashin da ya shekara da shekaru ba tare da shawara ba. A wasu jihohin Amurka biyan ɗan wani abu yana iya sabunta wa'adin da ake iya kai ka ƙara. Ka tambayi mai ba da shawara kan bashi tukuna, kuma duk sulhun da za a yi a rubuta shi kafin kuɗi ya fita.

Idan babu wanda zai ba ka kati, nemi katin da ake ajiye kuɗin jingina kafin a bayar. Ka riƙa sayen ƙaramin abu da shi kowane wata kana biya duka. Idan kana haya, ka riƙa biya ta banki domin a ga shaidar wata goma sha biyu a jere. Wannan shaida takan yi magana a inda maki ya gaza.

5. Tara kafin alƙalami

Babu abin da ke sanyaya zuciyar mai ba da bashi kamar kafin alƙalami mai kauri. Dalilin a fili yake: idan ka gaza biya aka sayar da gidan, kuɗinka ne zai fara narkewa kafin nasa. A shirin FHA, mai maki 580 zuwa sama zai iya ajiye kashi 3.5 na farashin gida, mai maki 500 zuwa 579 kuwa sai kashi 10. Wannan ƙa'idar hukuma ce, banki na iya ɗora tasa mai tsauri a kai. A Birtaniya, masu ba da bashi ga masu tabo sukan nemi kaso mafi girma fiye da wanda ake nema a wurin mai tsaftataccen tarihi, kuma kason yana hawa gwargwadon sabuntar tabon.

Kuɗin ya zauna a asusu, a ga yadda ya taru. Tsabar kuɗin da aka zuba lokaci guda ba tare da bayani ba matsala ce, saboda dokokin hana halasta kuɗin haram. Idan ɗan'uwa ne ya taimaka, za a nemi ya rubuta cewa kyauta ce ba rance ba, a kuma ga inda shi ya samo. Kada a rubuta kyauta alhali rance ne. Ƙarya a takardar neman bashi laifin zamba ne, kuma raminta ƙurarre ne.

Kar ka kwashe duk abin da ka tara a kafin alƙalami. Akwai kuɗin lauya ko na rufe ciniki, na ƙiyasta darajar gida, haraji da inshora. Ajiyar da za ta iya biyan wata biyu ko uku ita ma tana ƙara maka daraja a idon mai dubawa.

6. Yi lissafin da za su yi maka

Haɗa duk bashin da kake biya a wata da abin da gidan zai ci a wata, ka raba da kuɗin shigarka kafin haraji. Misali: kana samun 5,000, mota na cin 400, kati 150, gidan zai ci 1,500. Jimilla 2,050, wato kashi 41. A Amurka kashi 43 ne layin da aka saba ambata, ko da yake ana wuce shi a wasu shirye-shirye. A Birtaniya an fi lissafi da ninki, kusan huɗu zuwa huɗu da rabi na albashin shekara, tare da duba abin da kake kashewa. Mai tabo ya tsaya nesa da iyaka. Idan lissafin bai fita ba, ko ka kashe bashi guda gaba ɗaya, ko ka nemi gida mai sauƙi.

7. Zaɓi ƙofar da za ka ƙwanƙwasa

Manyan bankuna sukan bar wa kwamfuta hukunci, ita kuwa ba ta sauraron uzuri. Mai tabo ya nemi wurin da ɗan'adam ke karanta fayil: ƙananan bankuna, ƙungiyoyin adashi da lamuni na mambobi, da kamfanonin da suka ƙware a kan masu raunin tarihi. A Amurka ban da FHA, wadda aka kafa a 1934, akwai shirin VA na tsofaffin sojoji, wanda hukumarsa ba ta ƙayyade mafi ƙarancin maki ba, da na USDA na yankunan karkara. Akwai kuma masu ba da shawara kan gidaje da ma'aikatar gidaje ta Amurka, HUD, ta amince da su, kyauta ko da kuɗi kaɗan.

A ganina, mai tabo mai nauyi ya nemi dillalin bashin gida mai lasisi. Ya san wane kamfani ne ke kau da kai daga tsohon hukuncin kotu, wane ne ba ya yi. Tambaye shi nawa zai karɓa, wa ke biyansa, da kamfani nawa yake hulɗa. Ka tabbatar da rajistarsa, a Birtaniya a kundin FCA, hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi. Kuma ka faɗa masa kome tun zaman farko. Na taɓa shafe makonni a kan fayil ɗin wani bawan Allah, sai a ƙarshe wani hukuncin kotu da ya ɓoye mini ya fito. Da ya faɗa tun farko, da wata ƙofar muka nufa.

Wanda ke guje wa kuɗin ruwa yana da hanyoyin Musulunci irin su murabaha, ijara da musharaka mai raguwa. A ta ƙarshen, kamfani ne ke sayen gidan tare da kai kana sayen kasonsa sannu a hankali. Ka sani su ma suna duba rahoton bashi, don haka duk matakan da suka gabata suna nan daram.

Idan kai kaɗai ba ka isa ba, ana iya sa wani ya tsaya maka. Amma ka gaya masa gaskiya: idan ka gaza, shi za a bi, tarihinsa ma zai ɓaci, wani lokacin har da gidansa ko ajiyarsa. Idan kuma ku biyu ne, miji da mata, ɗaya tarihinsa ya fi kyau, ku auna ko ya nema shi kaɗai. Sai dai albashinsa kaɗai za a lissafa.

8. Rubuta takardar bayani

Shafi ɗaya ya isa. Faɗi abin da ya faru da ranarsa, rashin aiki ne, rashin lafiya ko rabuwar aure. Faɗi yadda ya ƙare da abin da ka canza. Haɗa da shaida. Ban da zagin tsohon banki, ban da roƙo. Mai dubawa so yake ya ga cewa matsalar ta zo ta wuce, ba hali ba ne.

9. Nemi amincewar farko, ka kwatanta tayi

Kafin kowa ya jawo rahotonka, tambaya ko bincike ne mai barin alama ko marar barin alama. A Birtaniya neman bashi da yawa a jere yana barin sawu da ke tsorata na gaba. A Amurka FICO na ɗaukar duk binciken bashin gida da aka yi cikin kwana 14 zuwa 45 a matsayin ɗaya, gwargwadon nau'in lissafin, don haka ka tattara kwatancenka cikin mako biyu. A can doka ta wajabta a ba ka takardar ƙiyasin bashi cikin ranakun aiki uku, kuma tsarinta iri ɗaya ne a ko'ina, ana iya jera su a kwatanta.

Ka shirya wa kuɗin ruwa mai tsada. Bashin 200,000 na shekara 30 a kashi 6 yana cin kusan 1,199 a wata. A kashi 8 kuwa kusan 1,468. Bambancin ya haura 96,000 a tsawon bashin. Ka zauna da wannan lissafi kafin ka sa hannu, domin wani lokaci jiran shekara guda ya fi kowace dabara araha. A FHA kuma akwai inshorar bashi: kashi 1.75 a farko, sannan ta shekara-shekara, wadda ba ta faɗuwa har ƙarshen bashin idan kafin alƙalaminka bai kai kashi 10 ba. Idan ya kai, shekara 11 take yi.

Karanta abu uku da idon basira: ko kuɗin ruwan tsayayye ne ko mai sauyawa, ko akwai tarar biya da wuri, ko akwai dunƙulallen biya a ƙarshe. Rikicin 2008 ya cinye gidajen mutane masu yawa da aka ba bashi mai sauƙin ruwa na shekara biyun farko, daga nan ya yi tsalle. Tambayi nawa biyan wata zai koma a mafi munin hali. Idan ba za ka iya wannan adadin ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

10. Tsakanin amincewa da karɓar makulli

Tsugune ba ta ƙare ba. Masu ba da bashi da yawa sukan sake duba rahotonka da aikinka dab da rufe ciniki. Kada ka ci bashin mota ko kayan ɗaki, kada ka buɗe sabon kati, kada ka canza aiki ba tare da sanar da su ba, kada ka riƙa jujjuya manyan kuɗi tsakanin asusu. Duk takardar da aka nema ka aika a ranar.

11. Idan aka ƙi, da kuma bayan an bayar

Idan aka ƙi, kada ka zarce wani wuri washegari. Tambayi dalili. A Amurka dole a ba ka shi a rubuce, kuma kana da kwana 60 ka karɓi kwafin rahoton da aka yi amfani da shi kyauta. Idan dalilin maki ne, koma mataki na 4. Idan lissafin kuɗin shiga ne, mataki na 6. Idan sabuntar tabo ne, ka buɗe littafinka ka sa ranar dawowa.

Idan kuwa aka bayar, ka ɗauki wannan bashin mai tsada a matsayin masauki na ɗan lokaci. Biya shi a kan kari shekara biyu ko uku, tsofaffin tabo suna tsufa, kasonka a gidan yana ƙaruwa, sai ka nemi a sauya maka shi da mai sauƙi. Rubuta ranar da wa'adin kuɗin ruwanka na farko zai ƙare da ranar da tarar biya da wuri za ta faɗi. Wata shida kafin ranar, ka sake karɓar rahotanninka uku, ka kira dillalinka.